Darasi: 'Yan Mata a Lokacin Yaƙi

Idan ana ba da labarin yaƙi, akan lissafta mazan da suka mutu da garuruwan da aka ƙone. Ba safai akan tuna da 'yan mata ba. Bari mu duba nasu sha'ani.

Ran 14 ga Afrilu 2014, da dare, 'yan Boko Haram suka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, a Jihar Borno. Da yawansu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa ne. 57 suka tsere tun da fari, waɗansu ta wurin dirowa daga mota. Aka saki 21 a 2016, aka kuma saki 82 a 2017. A 2018 aka sake kwashe 110 a Dapchi, cikin Jihar Yobe. Bayan wata guda aka komo da yawancinsu, amma aka riƙe Leah Sharibu domin ta ƙi barin bangaskiyarta.

Waɗannan duniya ta ji labarinsu. Akwai waɗansu masu yawa da aka kama a gona ko a hanyar rijiya, ba wanda ya rubuta sunansu.

To, yarinya ta komo gida, wahalarta ta ƙare ke nan? A'a. Sau da yawa takan komo da ciki ko da goyo, gama an aurar da ita tilas. Idan ta haihu tun ƙugunta bai isa ba, ba kuwa ungozoma kusa, naƙuda takan daɗe har ta bar mata yoyon fitsari. Tsararrakinta sun wuce ta a karatu. Da dare takan firgita. Abin da ya fi waɗannan ciwo kuwa shi ne bakin mutane. A waɗansu wurare an riƙa kiran irinsu "annoba", ana cewa jinin uban yana jikin jaririn. Da yake an sha ɗaura wa 'yan mata bam, har maƙwabta sukan ji tsoron zama kusa da ita. Abin kunya ne, 'yan'uwa, gama ba ita ta kai kanta daji ba.

Wadda ba a kama ba ma ta sha nata. An rufe makarantarta, iyayenta sun gudu zuwa sansani a Maiduguri ko Yola, abinci ya kasa, sai uban ya ba da ita aure tun ba ta kai ba.

Tambaya domin taron zumuntar mata: idan irin wannan yarinya ta shigo sujada ran Lahadi da goyonta, wa zai matsa mata ta zauna?