Abin da muke saurare a ƙarƙashin Kogin Isa

In ka tarar da wata roba mai tsawon kamu ɗaya an ɗaure ta da igiya da dutse a ƙasan ruwa, tsakanin gadar Kennedy da Kirkissoye a Yamai, don Allah ka bar ta inda take. Ba asiri ba ne, ba kuma abin fashewa ba. Makirufo ne na cikin ruwa, da batir, da ɗan katin ajiye sauti. Mu masu nazarin dabbobin ruwa ne muke nitsa shi, mu dawo bayan kwanaki mu ɗauka.

Duk mutumin Harobanda ya san launin kogin nan da damina, lokacin da Sirba da Dargol da Gorouol suka zubo masa jan ruwa. Ka tsoma hannu har gwiwa, yatsunka sun ɓace maka. Ido ba shi da aiki a irin wannan ruwa. Sauti kuwa can ne gidansa: yana tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya cikin ruwa, alhali a iska kusan 340 ne kawai.

A teku aka fara wannan sana'a, kuma sojoji ne suka buɗe ƙofar. Frank Watlington, injiniyan da ke sauraren jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku wa Amurka a tsibirin Bamuda, ya riƙa jin wani dogon kuka a na'urorinsa, ashe na manyan dabbobin tekun nan ne da ake kira wel. Roger Payne ya fitar da sautin a faifai a 1970, kuma a 1971 shi da Scott McVay suka nuna cewa kukan yana da tsari, ana maimaita shi baiti-baiti. An kuma gano cewa a wasu nau'o'in dolfin kowanne yana da fito nasa na kansa wanda 'yan uwansa ke gane shi da shi. Yau ana barin na'ura wata da watanni a ƙasan teku, a san wace dabba ta wuce, yaushe, da dare ko da rana.

Nijar ba ta da teku, to mu me muke nema? Ayu, tun farko. Dabba ce mai tsananin ɓuya. Hancinta kawai take ɗagowa ta shaƙi iska ta koma, har akwai masuntan da suka yi furfura a kan ruwa ba su taɓa ganin ta da rai ba, sai dai ragowar burgun da ta ci. Amma tana da murya, wani ɗan siririn kuka da bai kai daƙiƙa ɗaya ba, uwa da ɗa sun fi yin sa. A tafkin Ossa na Kamaru an naɗi kukanta, aka buga sakamakon a 2021, kuma ta nan muka samu abin da za mu gwada namu sautin da shi.

Sai dorina, wadda a duk dabbobin da ke raye ita ce mafi kusancin dangi da wel. Tana iya kira hanci a sama, maƙogwaro a ruwa, sautin ya bi hanya biyu lokaci guda. Wani bincike da aka yi a Mozambik, aka buga a 2022, ya nuna tana bambanta muryar garkenta da ta baƙo: in ta ji baƙo sai ta taso tana watsa kashi. Mutanen Ayorou da dorina ke cinye wa shinkafa, da masu kula da wurin da aka keɓe mata a yankin Kandadji a 2017, wannan ilimi ya shafe su kai tsaye, musamman duk ranar da aka yi maganar ɗauke garke daga wani wuri zuwa wani.

Abin da ya fi cika mana kati a nan Yamai dai ba ɗayansu ba ne. Injin kwale-kwale ne, da famfunan ban-ruwa na gonakin shinkafa, da rugugin manyan motoci da ke saukowa ta ƙafafun gada. A tsakaninsu kurungu yana ta gurnaninsa, irin wanda yake yi a hannun masunci in an cire shi daga koma. Inji ɗaya in ya wuce, sai ya rufe duk wani ƙaramin kuka, kuma abin da ya toshe wa na'urarmu kunne ya toshe wa uwar da ke kiran ɗanta. Shi ya sa ba na yarda a ce "babu ayu a nan" don kawai kati ya fito shiru. Tana iya wucewa bakinta rufe.

Iyayenmu Sarkawa sun fi mu sanin gurbin da ya kamata mu saurara, kuma da shawararsu muke zaɓen wuri. Sai dai akwai tambayar da ba na amsawa ko a taro ko a waya: a ina kuka ji ayu? Dokar farauta ta 1998 ta hana kashe ayu a Nijar, tun 2013 kuma an haramta cinikinta tsakanin ƙasashe, amma har yanzu ana tallar man ayu a kasuwa. Tana ɗaukar ciki kusan shekara guda, ta haifi ɗa ɗaya tak. Sunan gurbi in ya fita, mai zago zai riga mu isa, don haka jami'an gandun daji kaɗai muke ba shi.