Darasin Da Ke Cikin Furen Ɗorawa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, Larabawa suna da lokacin da suke kira "rabi'i", watau sa'ad da sanyi ya wuce, tsirrai suka yi toho suka fid da fure. A ƙasar Hausa kuwa bazara ce ta fi kusa da shi, sai dai ita da tsananin zafi take zuwa. Duk wanda ya ratsa gonakin Taba da sauran ƙauyukan Kudan da Maƙarfi da Ikara wajen watan Maris, zai tarar ƙasa ta bushe ƙayau, amma ga ɗorawa ta yi tutu ja wur yana reto, alhali ko ɗigon ruwan sama bai sauka ba. Gawo kuma, da ya kaɗe ganyensa da damina, yanzu ne yake kore shar. Wanda ya shiga lambun nazarin tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, jami'ar da aka buɗe a 1962, zai ga itatuwa iri-iri a tare, kowanne da lokacinsa.

To, Musulmi ba kallo kaɗai aka umurce shi da yi ba, har da lura. A Suratul Hajji aya ta 5, da Suratur Rum aya ta 50, da Suratu Fussilat aya ta 39, Allah Maɗaukakin Sarki ya kafa hujjar tashin matattu da yadda yake rayar da busasshiyar ƙasa. Kalmar Aljanna ma asalinta a Larabci lambu ne mai duhuwar itatuwa. Saboda haka magabata ba su raina wannan ilmi ba. Abu Hanifa Addinawari, malamin ƙarni na 3 na Hijira, ya wallafa Kitabun Nabati a kan tsirrai, kuma a ƙarni na 5 Ibnu Wafid ya kula da lambun sarkin Ɗulaiɗila a Andalus.

Lura kuwa tana jawo aiki. Furen ɗorawa abincin zuma ne da jemage, su ne kuma suke kai ƙurar fure daga wannan itace zuwa wancan har ya yi 'ya'ya. Daga 'ya'yan ake samun gari, da kalwar da mata suke dafa daddawa, da makubar shafen gini. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa Musulmin da ya dasa itace yana da ladan sadaka duk sa'ad da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi.

Abin baƙin ciki, sau da yawa akan sare ɗorawa tana cikin fure domin buhun gawayi, alhali ta kwashe shekaru kafin ta fara haihuwa. Mai gona yana da ikon amfani da itacensa in buƙata ta kama, amma ya tuna kuɗin gawayi na mako guda ne, ladan da ya yanke kuwa watakila na kakansa ne da ya raine ta.

Don haka wanda lalura ta sa ya sare ɗaya, ya ajiye kalwa ya shuka idan damina ta faɗi, ya kuma kange tsiron daga awaki. Limamai da malaman makarantun Islamiyya su riƙa tunatar da jama'a wannan tun bazara ba ta wuce ba.

Allah Ya sa a dace, amin.