Salon Shugabanci da Matsalar Cima-zaune a Aikin Haɗin Gwiwa

A duk inda jama'a suka haɗu kan aiki guda kuma za a raba riba daidai wa daida, akan sami wanda zai sassauta ƙoƙarinsa ya jira gumin 'yan'uwansa. Wannan ita ce matsalar cima-zaune, wadda ke durƙusar da kamfanoni da ƙungiyoyin gama kai.

Tun a shekarar 1913 wani injiniyan aikin gona na ƙasar Faransa, Max Ringelmann, ya bayyana sakamakon gwajin jan igiya da ya yi. Ya gano cewa idan mutum takwas suka ja tare, ƙarfin da kowannensu ke sakawa yakan faɗi zuwa kusan rabin wanda yake sakawa shi kaɗai. A 1965 masanin tattalin arziki Mancur Olson na Amurka ya nuna cewa gwargwadon girman ƙungiya, gwargwadon yadda mutum ke ganin ba za a lura da rashin gudummawarsa ba.

A nan ne salon shugaba ke da tasiri. Shugaban da ya sakar wa ma'aikata ragama, bai san wanda ya yi ko wanda bai yi ba, shi ne ke buɗe wa cima-zaune ƙofa. Binciken da Williams da Harkins da Latané suka buga a 1981 ya tabbatar da cewa lalacin yakan gushe da zarar mutane sun san ana auna aikin kowa daban.

Haka kuma, gwajin da Fehr da Gächter suka wallafa a 2000 ya nuna gudummawa na raguwa zagaye bayan zagaye idan babu hukunci, tana kuma ƙaruwa idan aka ba mahalarta ikon cin tarar mai noƙewa. A 2007 Güth da abokan aikinsa suka gano cewa idan shugaba ya fara zuba nasa kason a idon kowa, mabiya kan ƙara nasu, musamman in yana da ikon dakatar da mai ha'inci.

Darasi ga mai masana'anta ko shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa shi ne: ya rage yawan mutane a kowane rukuni, ya ba kowa aiki da sunansa, ya fara sauke nasa nauyin, sannan a amince da hukunci tun kafin a soma aiki. Muddin masu himma suka ga ana raba guminsu da wanda bai yi komai ba, su ma za su janye hannu.