Dabarar 6-3-5: Shawara Ba Tare da Hayaniya Ba

Hausawa sun ce shawara ɗaukar ɗaki ce. Amma duk wanda ya taɓa zama a taron ɗalibai ya san yadda abin yake. Mutum biyu ko uku masu baki su ke cinye taron, 'yan aji ɗaya kuwa su yi tsit don gudun kada manya su yi musu dariya. A ƙarshe a watse ba a tsinana kome ba.

A shekarar 1968 wani Bajamushe mai ba 'yan kasuwa shawara, Bernd Rohrbach, ya ƙago maganin wannan. Ana kiran dabarar tasa 6-3-5, watau mutum shida, shawara uku, minti biyar.

Ga yadda ake yi. Mutum shida su zauna a kewaye, kowa da takardarsa, an rubuta matsala guda ɗaya tak a samanta. Cikin minti biyar kowa ya rubuta shawara uku, sa'an nan ya miƙa wa na kusa da shi. Shi kuma ya karanta, ya ƙara uku, ko sababbi ko gyaran waɗanda ya tarar. Haka za a yi ta yi har sau shida. Ba magana, ba kushe shawarar wani. Cikin rabin awa ana iya samun shawarwari 108. Ba dukansu ke da amfani ba, waɗansu ma maimaici ne, saboda haka sai a zauna daga baya a tace.

Mun gwada wannan bara, lokacin da awakin gari suka addabi lambun ɗakin kwananmu har muka kusa barinsa. Wani yaro ɗan aji ɗaya, wanda ban taɓa jin muryarsa a taro ba, ya rubuta a dasa bini-da-zugu a kewaye, don akuya ba ta cinsa. Na kusa da shi ya ƙara da cewa a yi shingen ƙaya kafin ya girma. Bana mun ci alayyafo da tumatir ɗinmu.

Don haka ina kira ga shugabannin ɗalibai da na ƙungiyoyi su jarraba. Iyayenmu ma haka, domin sau da yawa ɗan da ya yi shiru a gaban manya kunya ce ta hana shi, ba rashin dabara ba. Allah ya sa mu dace.