Darasin Tarihi: Yadda Jirgin Sama Ya Bi Hanyar Alhazan Ƙasa

A zamanin kakanninmu, mutumin Bungudu ko Tsafe da ya yi niyyar Hajji sai ya raba gadonsa, ya yi sallama da dangi. Da ƙafa ko jaki zai bi ta Kano da Maiduguri, ya ratsa Cadi da Sudan, yana tsayawa noma ko ƙodago don neman guzuri. Wani sai ya shekara bakwai bai dawo ba. Wasu kuwa can Sudan suka zauna, jikokinsu na nan har yau.

Abin lura shi ne, jiragen sama na farko wannan hanya suka biyo. Ran 1 ga Nuwamba 1925 jirage 3 na sojan Ingila suka sauka a filin sukuwa na Kano. Daga Masar suka taso, suka biyo ta Hartum, suna sauka suna shan mai. A lokacin ko jirgin ƙasa bai iso Gusau ba.

A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Hartum da Kano sau ɗaya a mako. Ƙananan jirage ne, wasiƙu da 'yan fasinjoji kaɗan suke ɗauka, yawanci Turawan mulki. Talaka sai kallo daga ƙasa.

Daga 1937, wanda ya isa Hartum zai wuce Ingila yakan shiga wani irin jirgi mai ban mamaki. Ba shi da taya. Cikinsa kamar kwalekwale yake, a kan ruwa yake sauka, a kan ruwa yake tashi. Dalili kuwa, filayen jirgi masu kwalta ba su da yawa a lokacin, amma ga kogin Nilu a shimfiɗe, kyauta. Yaƙin Duniya na Biyu ya sa aka gina manyan filaye ko'ina, sai aikin wannan jirgi ya ƙare. Kamfanin BOAC, magajin Imperial Airways, ya ajiye nasa a 1950.

Bayan haka ne alhazanmu suka fara hawa jirgi daga Kano, tafiyar shekaru ta koma ta awa huɗu zuwa biyar. Sauƙin bai zo babu asara ba. Ran 22 ga Janairu 1973 wani jirgin alhazai da ya taso daga Jidda ya yi hatsari wajen sauka a Kano cikin hazo, mutum 176 suka rasu. Allah Ya jiƙansu.