Zarton Inji Mai Sarƙa: Abin Lura Kafin a Zaɓe Shi Don Tsaga Katako

Bencin da ɗalibi ke zama a kai, da ƙofar aji, duk daga gungume suka fito. Hanyar mayar da gungume katako iri biyu ce: ko dai a ɗauki gungumen a kai shi masana'anta, ko kuwa a kai zarto inda gungumen yake. Hanya ta biyu ita ta sa zarton inji mai sarƙa ya yi farin jini, domin mutum ɗaya na iya saɓa shi a kafaɗa ya shiga inda mota ba ta zuwa.

Yadda na'urar take

Injiniyan nan na Jamus, Andreas Stihl, ya ƙera zarto mai aiki da lantarki a 1926, sannan mai aiki da fetur a 1929. An yi shi ne don sare itace da gutsuttsura shi. Idan ana son tsaga gungume a tsawonsa, sai a ɗaura wa sandar da sarƙar ke zagayawa wani firam na ƙarfe, wanda aka fi sani da na'urar Alaska. Firam ɗin yana zamewa a bisan gungumen, shi ne kuma ke daidaita kaurin katako. Da yake bayan gungume ba shimfiɗaɗɗe ba ne, a yankan farko sai an kafa tsani ko miƙaƙƙen falanki a kansa. Idan yankan farko ya karkace, duk na bayansa za su karkace.

Abubuwa uku da ake dubawa

Na farko shi ne tsawon sanda. Maƙallan firam suna cinye kimanin santimita 10 zuwa 15 daga tsawonta. Saboda haka gungume mai faɗin santimita 45 yana bukatar sandar da ta kai santimita 60.

Na biyu shi ne ƙarfin inji, wanda ake gane shi daga girman silinda. Gutsure gungume aikin 'yan daƙiƙoƙi ne, amma tsaga shi yana sa inji ya yi ta gudu da iyakar ƙarfinsa na tsawon mintoci. Inji mai cc 50 zuwa 60 ya wadatar ga ƙananan gungumai. Ga itace mai tauri da faɗi irin su maɗaci da kawo, mai cc 70 zuwa sama ake bukata. Ƙaramin inji da aka ɗora wa babban aiki yakan yi zafi har fistin ɗinsa ya lalace.

Na uku shi ne sarƙa. Haƙoran sarƙar da aka saba da ita ana wasa su a kusurwar digiri 25 zuwa 35. Ta tsaga katako kuwa digiri 10 ake yi mata, abin da ke sa fuskar katako ta fito sumul, ko da yake aikin ba ya sauri.

Lissafin asara

Wannan shi ne muhimmin al'amari. Kowane zarto yana mayar da wani ɓangare na itace dusa, gwargwadon faɗin hanyar da yake bi. Sarƙa tana cin kimanin milimita 10 a kowane yanka, alhali siririn zarto mai kama da ɗamara na masana'anta kimanin milimita 3 yake ci.

Alal misali, a ɗauki gungumen da aka daidaita gefunansa, kaurinsa milimita 350, ana son falankai masu kaurin milimita 25. Da zarto mai sarƙa, kowane falanki yana cin 25 a tara da 10, wato 35, sai a sami falanki 10. Da siririn zarto kuwa 28 yake ci, sai a sami 12. Ke nan a gungume ɗaya an yi asarar falanki 2, kuma kusan kashi 29 cikin ɗari na itacen ya zama dusa, maimakon kashi 11. Amma idan katako mai kaurin milimita 100 ake so, irin na ginshiƙi, asarar ba ta wuce kashi 9 ba. Bisa ga haka, zarto mai sarƙa ya fi dacewa da katako mai kauri, da itacen da iska ta kayar a wuri mai nisa. Wanda ke son siraran falankai masu yawa, gara ya kai gungumensa masana'anta.

Lafiya da doka

Ƙarar wannan zarto ta haura desibel 100, alhali daɗewa cikin ƙarar da ta wuce 85 yana lalata ji. Wajibi ne a toshe kunne, a sa tabarau da takunkumi, a kuma yi aiki a fili, domin hayaƙinsa na ɗauke da guba.

Haka nan, sauƙin ɗaukarsa ya sa ya zama barazana ga dazuzzuka. Ƙasar Ghana ta haramta tsaga katakon sayarwa da shi a 1998. A Nijeriya an yi wa madobiya ta'adi mai yawa, musamman a Jihar Taraba, kuma a 2016 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe. Don haka kafin a sare itace sai an nemi izinin ma'aikatar gandun daji. Itacen da ya shekara 50 yana girma, ba ya kamata a bar kusan sulusinsa a ƙasa a matsayin dusa ba.

Aikin ɗalibai

1. Falanki nawa masu kaurin milimita 50 za a samu daga gungumen da ke cikin misalin sama, da kowane zarto?
2. A ziyarci kasuwar 'yan katako mafi kusa, a duba fuskokin falankai, a rarrabe waɗanda sarƙa ta tsaga da waɗanda suka fito daga masana'anta.