Lakar Ƙasan Teku da Tarihin Tsirran Yankin Ƙanƙara

A cikin ruwan Tekun Aktik akwai wasu ƙananan tsirrai masu yawo, waɗanda ido ba ya ganinsu sai da madubin ƙara girma. Masana na kiransu fitofilankiton, kuma su ne tushen abincin kifaye da sauran dabbobin teku. To, yaya za a san irin waɗanda suka rayu shekaru dubbai da suka shige?

Amsar tana cikin laka. Idan tsirran suka mutu sukan nutse ƙasa su ruɓe, amma wasu sinadaran maiƙon jikinsu kan daɗe ba su lalace ba. Masana sukan kafa dogon bututu su zaro lakar, su yayyanka ta daki-daki, ta ƙasa ita ce mafi tsufa.

A shekarar 2007 Simon Belt da abokan aikinsa a Ingila suka bayyana sinadarin IP25, wanda tsirran da ke rayuwa cikin ƙanƙarar teku ke samarwa. Akan gwada shi da burasikastirol, na tsirran buɗaɗɗen ruwa. In aka tarar da duka biyun da yawa, bakin ƙanƙara ne a wancan zamani. In burasikastirol ne kaɗai, ruwa a buɗe yake. In kuwa dukansu sun yi ƙaranci, ƙanƙara mai kauri ce ta tare hasken rana.

Taurarin ɗan'adam sun fara auna ƙanƙarar Aktik a kai a kai ne daga 1979. Shaidar laka tana taimakawa wajen kwatanta narkewar yanzu da ta zamanin da.

Tambaya ga ɗalibai: me ya sa rashin IP25 kaɗai bai isa hujjar cewa babu ƙanƙara ba?